Ruwan Tsakiyar Tafki

Jiya jikata Hassi ta miƙo mini ruwa, na ji warin laka, sai hawaye. Maigidana na tuna.

Tun da famfon ƙauyenmu ya mutu, kullum da hantsi yakan jera jarkoki a kwalekwale, ya tuƙa har tsakiyar tafki ya ɗebo mana, don a gaɓa ake wanki, nan shanu ke fitsari. Masunta na yi masa dariya: "Baba, yau ma jarka ka kamo?"

Yakan ce, "Ku sha naku. Ɗiyana ba su shan wannan."

Ruwansa sanyi ƙalau, babu wari.

Da tsufa ya karɓe filafili daga hannunsa, muka koma shan na gaɓa. Amai da gudawa suka kama shi da damina, ga hanyar Wara, garin da asibiti yake, ta yanke. A kwalekwalen nan ya cika, kansa bisa cinyata, ba mu kai asibiti ba.

Masu neman ƙuri'a sun zo sun shafa wa famfon fenti. Har yau bai ɗiga ba. Yanzu cikin Hassi ke murɗawa, ni kuwa ban iya tuƙi ba.

Allah ya shayar da maigidana ruwan Alkausara, ya bar mini yarinyar nan.