Farar Dorinar da Ba Mu Gani Ba

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Karatuna bai wuce sartifika ba, kuma ina tsoron mai karatu ya ce ga mutum da furfura a gemu, mai shagon zare da maɓallai a Babbar Kasuwa, ya rasa abin ba da labari sai wasan tele. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa. Matata ce ta gaji, ta ce ko in rubuta ko in daina cika mata kunne da zancen dorina. To ga shi na rubuta, kuma akwai tambayar da nake so in yi a ƙarshe.

Muna samari, akwai wani ɗaki a Kalley, bayan masu ɗinkin katifa, inda wani mutum ya ajiye tele da na'urar wasa irin mai kaset. Can nake zuwa da abokina, wani Bazabarme haifaffen Yamai, wanda yanzu shofer ɗin taksi ne. Ni Bagobiri ne, iyayena daga wajen Maraɗi suka zo, Bagobiri da Bazabarme kuwa abokan wasa ne, don haka tun ranar da muka haɗu ba mu taɓa kiran juna da suna ba. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa, haka muka tsufa.

Cikin kasusuwan mutumin akwai ɗaya da muka fi so. Rubutun da ke jikinsa ba wanda ya iya karantawa, sai muka raɗa masa suna Sarkawa, don wasu 'yan mutane biyu ne cikin kwale-kwale suna hawan kogi. Ɗaya yana tuƙi da filafili, ɗaya yana jifan kadoji da mashi. Ni ne mai tuƙi, don ina kallon gabana. Shi ne mai mashi, don shi ko ganye ya gani a ruwa sai ya jefa. A ƙarshen tafiyar akwai wata doguwar gada da duwatsu ke faɗowa daga samanta, muka ce ita ce gadar Gaweye ta nan Yamai. Mai ɗakin ya rantse mana cewa bayan gadar akwai wata farar dorina, wadda ke ɗaukar kwale-kwalen a bayanta ta kai shi gaci. Ya ce shi ya gan ta da idonsa.

Mu ba mu taɓa ganinta ba. Na'urar wancan zamani ba ta riƙe komai a kanta. In ka fara, sai ka gama a zama ɗaya, in kuwa ta mutu ka koma bakin ruwa inda aka fara. Ita kuma ba ta rasa dalilin mutuwa. Wani lokaci kuran, wato wutar lantarki, za a ɗauke, wani lokaci wani ya yi tuntuɓe da waya, wani lokaci ta yi zafi har sai an ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma. In an kira salla, sai mu danna pos wasan ya tsaya cak, mu rufe telen da ƙyalle, mu roƙi mai ɗakin kada kowa ya taɓa. Mun sha hango ƙafafun gadar, amma ba mu taɓa shigewa ba. Daga baya ɗakin ya zama shagon sayar da salula, muka yi aure, zancen ya kwanta.

Bara, da bazara, ina auna wa wata mata leshi sai ga taksin abokina ta tsaya a bakin layinmu. Ya shigo yana haki.

"Bawana, rufe shagon nan. Na ga Sarkawa."

"A kogi?"

"A gidana, sakarai."

Ashe ɗansa na fari, wanda ke aiki a ƙasar waje, ya zo hutu da na'ura ta zamani. Ita ba a sa mata kaset, ta intanet ake sauke wasannin, kuma masu ita sun tono tsofaffin wasanni irin namu sun zuba a ciki. Abokina ya zo wucewa ta falo, ya ji kiɗan da ake yi in kwale-kwale ya tashi, ya ce ƙafarsa ta ƙi gaba.

Sai dai akwai matsala. Ɗan fari ne, kuma kowa ya san yadda ake da ɗan fari. Abokina ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi, in sun haɗu a zaure gaisuwa ce kowa ya kama gabansa. Balle a ce ya zauna kusa da shi ya ce koya mini wasa. Don haka ta bakin uwar yaron aka bi. Ta ce masa Babanka na Kalley yana son ya ara, wato ni aka laƙa wa. Shi kuma dama zai tafi Tondibia wajen kakarsa ya yi mako guda, sai ya kawo na'urar gidana, ya haɗa ta da telenmu, ya nuna mini inda wasan yake. Ya ce ranar Lahadi zai zo ya ɗauka, don washegari jirginsa zai tashi. Ya tambaye ni ko akwai abin da ban gane ba. Na ji kunya, na ce ai mun iya tun ba a haife shi ba. Wannan kalma ita ta ja mana duk abin da ya biyo baya.

Da la'asar abokina ya zo. Ya ɗauki manet ɗin da ake riƙewa a buga wasan, wadda ba ta da waya, ya juya ta, ya hura mata iska kamar yadda muke yi wa kaset. Kiɗan na tashi muka kalli juna. Ga kogin nan kore shar, ga 'yan mutanenmu da malafunansu, ba su ƙara ko shekara ɗaya ba. Mu ne yatsunmu suka yi nauyi. Kada na farko ma shi ya cinye mu.

"Wai tuƙi kake ko dama fura?" in ji shi.

"Kai da aka haifa a bakin kogi, kada yana gabanka kana jifan gajimare."

Bayan 'yan kwanaki hannu ya dawo. Amma yanzu mu magidanta ne, lokacinmu daga la'asar ne zuwa magariba, kuma tafiyar ta fi haka tsawo. Sai muka yi abin da muka sani. Da aka kira magariba muka danna pos, na ɗauko zanen matata na rufe telen, muka bar na'urar a kunne har washegari. Washegari ma muka ƙara gaba kaɗan, muka sake barinta a kunne.

Nan hankalina ya soma tashi. Kayan mutane ne, ga tsada, ga zafin bazarar Yamai. Na juya bantilater ɗinmu ɗaya tilo, wato fanka, ya fuskanci na'urar. Na naɗe wayar da salatif a jikin bango don kada a fizge. Na kewaye tebur ɗin da kujeru. Na so in ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma, sai na ji tsoron ruwa ya shiga, na ajiye kwanon ruwan sanyi a gefenta dai ko ta ji sanyi-sanyi. Na roƙi matata kada ta yi guga, kada kantar wutar gidan ta yi tsalle ta yanke.

"Malam," ta ce, "ni da na haifa maka 'ya'ya ina zufa, akwati yana shan iska?"

"Ki yi haƙuri zuwa Lahadi."

"Fim ɗina fa? An bar yarinyar nan a asibiti, ban san ko ta tashi ba."

"Maƙwabta za su faɗa miki."

Daga kasuwa nakan buga mata waya in tambaya ko 'yar wutar da ke gaban na'urar tana ci. Da farko tana amsawa. Daga baya ina cewa salamu alaikum sai ta ce, "Tana ci," ta kashe. Wata rana iska ta taso da rana, na bar mai saye tsaye na hau kabu-kabu na zo gida, na tarar ba abin da ya faru, sai matata da ke zaune a ƙofar ɗaki tana fifita da murfin kwano tana harara ta.

Ranar Asabar muka iso gadar. Na rufe shago tun azahar, shi ma ya ajiye taksi. Muna da sauran rai isasshe, abin da ba mu taɓa zuwa da shi wurin ba. Na ga ƙafafun gadar suna matsowa. Abokina ya daina zagina, abin da ya nuna mini shi ma ya tsorata. Dutse na farko ya faɗo, na kauce. Na biyu ya faɗo, na kauce.

Sai telen ta yi baƙi. Bantilater ya yi ta juyawa a hankali har ya tsaya. Daga waje muka ji unguwa ta ɗauki "Ayya!" kamar yadda ake yi duk lokacin da aka ɗauke kuran.

Abokina ya ajiye manet a cinyarsa, ya cire hula ya shafa kai. Gobe za a zo ɗaukar na'ura, tafiyar kuwa ta kusan mako ce a wajenmu. Na duba salatif ɗina, yana nan daram, ba laifinsa.

Matata ta leƙo. Na zaci dariya za ta yi, sai ta kawo mana kopto, wato kwaɗon ganye, da ruwan sanyi ta ajiye.

"Ku ci. Kwale-kwale ne ya nutse, ba mutum ba."

"Hajiya, ba ki sani ba ne," in ji abokina. "Tun ina da gashi nake bin dorinar nan."

"To ai da ka auri Bagobira, da ka ga dorina a gida," na ce, don in sa shi dariya. Matata Bagobira ce. Ban san abin da ya kai bakina can ba. Shi ya yi dariyar har da ƙwarewa, ni kuma na sha murfin kwano a kafaɗa.

Bayan la'asar kuran ya dawo. Na tashi in cire salatif in shirya kayan mutane, abokina ya ce mu dai kunna, ko kiɗan mu ƙara ji sau ɗaya. Na kunna. Wasu layuka biyu na Faransanci suka fito, waɗanda ban lura da su ba ranar farko. Na matsa kusa ina haɗa baƙaƙen, na ga na sama yana cewa a ci gaba. Kafin in buɗe baki ya riga ya danna, don shi bai taɓa karanta komai kafin ya danna ba.

Sai ga kwale-kwalenmu a gaban gada, da ranmu cif yadda muka bar shi.

Na ce, "Tsaya. Anya wannan ya halatta? Ai mun mutu. A ƙa'ida bakin ruwa za mu koma."

"Bawana."

"Ba mu muka kawo kanmu nan ba wannan karon, na'ura ce ta..."

"Bawana, dutse! Tuƙa, don Allah, ka yi fatawar daga baya!"

Na tuƙa. Ban san yadda na yi ba. Na tuna dai matata tana tsaye a bayanmu tana ihu, "Hagu, Malam, hagu!" ita da ta ce wasan yara ne. Na tuna abokina ya miƙe tsaye yana jifa yana ambaton kakanninsa da Zabarmanci. Muka bi ta tsakanin ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya, inuwar gadar ta rufe mu, sai muka fito cikin haske a ɗaya gefen.

Ruwan ya kwanta. Kiɗan ya sauya zuwa wani mai taushi da ban taɓa ji ba. 'Yan mutanenmu suka kai gaci da kansu, suka ɗaure kwale-kwale, suka cire malafa suna ɗaga mana hannu. Rubutu ya yi ta hawa sama. Abokina ya rungume ni har manet ta faɗi, na yi maza na ɗauka na duba ko ta fashe. Muka zauna muna jiran dorina. Rubutun ya ƙare, wasan ya koma farko. Ko kunnenta ba mu gani ba.

Washegari mai na'ura ya zo, uban yana zaune a gefe yana kallon bango kamar bai san da shigowarsa ba. Ya ga kujeru da salatif da kwanon ruwa, ya tambaya, matata ta kwashe labari kaf ta ba shi. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, don ba ya iya dariya a gaban ubansa. Da ya samu numfashi ya ce mini, "Baba, ai duk matakin da kuka wuce tana ajiyewa da kanta. Da kun kashe ta kullum ba abin da zai ɓace." Matata ta kalle ni, ta kalli bantilater, kuma har yau in an yi zafi takan tambaye ni ko akwati ya ba da izini a juyo da shi. Na tambayi yaron zancen dorina, ya ce shi bai taɓa kai ƙarshen wasan ba.

Abokina ya ce mai ɗakin nan ƙarya ya shara mana don mu riƙa dawowa, kuma shi dai ya ƙetare gada, ya huta. Ni ban huta ba. Mutumin nan ya rantse, kuma ba na son in ɗora wa wanda ban san ko yana raye ba ƙarya. Ina jin ko dorinar ba ta fitowa sai ga wanda ya yi tafiyar a zama ɗaya, ba a kashe ba, ba a tayar ba. Ko kuma masu sabunta wasan ne suka manta da ita wajen kwashewa daga kaset.

Don haka nake roƙo. Duk wanda ya taɓa buga wasan 'yan kwale-kwale biyu masu malafa a kaset na da, a Kalley ne ko a wani gari, har ya wuce gadar, don Allah ya sanar da ni abin da ya gani a bayanta. In akwai farar dorina, ya faɗa mini ta wane gefen kogin take ɓullowa. In babu ita ma ya faɗa mini, zan iya ɗauka. A tambayi mai zare da maɓallai na layin teloli, wanda ke duba kwaɗon shagonsa sau biyu kafin ya tafi, za a nuna ni.