Hoton da Iya Ta Kasa Yankawa

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, aka dawo da Baffa Lawan gida a bayan a-kori-kura. Ranar kasuwar Wudil ce, shanu sun toshe hanya, sai da motar ta sha jira a bakin gada kafin ta samu wucewa. Ina tsakar gida ina tsinke zogale aka shigo da shi, mutum biyu sun tallafe shi. Wallahi ban gane shi ba. Mutumin da ke ɗaga ni sama da hannu ɗaya ya koma ƙashi da fata, idanunsa sun yi ɗorawa shar. Shi ne ƙanin babanmu, autan kakarmu Iya, malamin tarihi a wata sakandare a birni. Ciwon hanta ne, kuma asibiti sun ce a kai shi gida, wanda ko mu yara mun san abin da hakan ke nufi. A bayansa aka shigo da wani akwatin ƙarfe, ƙarti biyu suna nishi saboda nauyi. Na ɗauka tsaraba ce, ashe littattafai ne zalla.

Aka gyara masa ɗakin da ke kusa da rumbu. Mu kuwa rayuwarmu ba ta tsaya ba: ɗebo ruwa da safe, makaranta, kai wa su Baba abinci gonarmu ta hanyar Utai, sannan 'yar gala-gala a ƙofar gida in Inna ba ta kama ni da wanke-wanke ba. Amma da zarar an yi la'asar, ni da ƙanena Sani sai mu sulale ɗakin Baffa. Yana da wani ƙaton littafi mai jan bango na tarihin Turai, yana warin rumbun da ya sha ruwa, ga hotuna masu kala kusan kowane shafi. Daga kwance yake ba mu labari, muryarsa can ƙasa. Ya ce an yi zamanin da Fafaroma ya fi sarakunansu ƙarfi. In ya yi fushi da sarki sai ya sa a rufe majami'un ƙasar gaba ɗaya, ƙararrawa ta yi shiru, mutum ya mutu babu mai yi masa addu'a, babu mai sa shi a maƙabarta. Ya ce mawaƙansu sun tsara wutar lahira hawa-hawa a waƙe, suna jefa maƙiyansu ciki, kuma akan ƙone littafin da aka hana karantawa, wani lokaci har da mai shi. Ni gawar da ba sutura ce ta tsaya mini a rai. Sai hadari ya haɗo, ɗakin ya yi duhu da rana tsaka, mutanen cikin hoton nan farare fat su zuba mana ido. Akwai wani mai doguwar hula, Fafaroman da kansa, da ko ta ina ka koma kai yake kallo. Tsoro kamar ya kashe mu, amma gobe ma mu ne a gaba.

Sani ne ya tona asiri, don ya fara fitsarin kwance, ya kuma ƙi wucewa ta ƙofar ɗakin shi kaɗai. Iya ta ritsa shi, ya faɗi komai. Ta buɗe littafin, ta kawo shi dab da fuskarta, ta saki salati. Ita ba labaran ne suka dame ta ba. Abin da ta taso da shi shi ne mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da hoton mai rai, ga ɗanta kwance yana jiran lokaci, ga mutane fiye da 'yan kasuwa a ƙarƙashin matashinsa. Baba ya ce a cinna wa littafin ashana a huta. Baffa ya rungume abinsa ya ce, "Haba Yaya, labarin masu ƙone-ƙonen ne fa a ciki, kai ma so kake a sa ka?" Aka ce to a mayar da littafin wani ɗakin, ya ce in an fitar da shi a fitar da su tare. Taurin kai dai gadonmu ne, kuma a wurin Iya ya sha shi.

Kwana ta yi tana juya abin, washegari ta aike ni in ɗauko tawada da alƙalamin kara na allona. Ta ce haka mahaifinta yake yi in kalanda ta shigo gida da hoto: a ja layi a wuya, a raba kai da gangar jiki, shi ke nan ya tashi daga mai rai. Idonta ya yi rauni, don haka ni ke nunawa da yatsa, ita tana ja. Muka shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarsa muka fara yanka. Sarakuna, limaman coci, sojoji, mata masu goyo, har dawakai da karnuka ba ta bari ba. Kowane ɗaya sai ta yi bisimilla, kamar mai yanka kaza. Iskar damina ta hana tawadar bushewa, sai ta riƙa nasowa tana gangarowa kan ƙirjinsu. Da muka zo kan mai doguwar hula, Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Iya, yau kin yi abin da ya gagari sarakunan Turai." Ba ta ko ɗago ba. Sauri take yi, don kullum numfashinsa ƙara gajarta yake, kuma ta rantse ba zai cika ba sai ɗakin ya tsarkaka. Kaji na ta kiwo a gefenmu, Inna na surfe, mu muna tsere da ajali shafi bayan shafi.

Ranar da muka kusa ƙarshe na buɗe wani shafi, yatsana ya tsaya cak. Wata mata ce zaune da mayafi, ta ɗora wani babban mutum a cinyarta, ramamme, haƙarƙarinsa a waje, hannunsa ya saki. Iya ta tambayi ko su waye. Baffa ya ce a wurin masu littafin, Nana Maryamu ce da Annabi Isa bayan an sauko da shi, ko da yake mu mun san ba a kashe shi ba. Iya ta ja hannunta baya kamar ta taɓa garwashi. Ta ce ko ƙarya mai zanen ya yi, tunda an ambaci sunan nan ita ba za ta sa alƙalami a wuyan ba, kuma barin sa a buɗe ba zai yiwu ba. Ta daɗe tana kallon matar, tawada na ɗiga daga alƙalami kan tabarma. Can ta ce a hankali, "Baiwar Allah, ke ma naki ne?"

Ta miƙe ta shiga ɗakinta, na ji ƙarar akwatinta. Kowa a gidan ya san farin yadin da ta ajiye a ƙasan kayanta, likkafaninta ne da ta saya da kanta, mu yara ko kusa da shi ba ma zuwa. Ta fito da shi, ta sa reza ta yanko ƙyalle daidai faɗin shafin, ta jiƙa ƙaro ta liƙe shi a kan hoton, tana shafawa da tafin hannu har gefe-gefe. Ta ce, "To, na yi musu sutura." Baffa bai yi dariya ba wannan karon, hawaye na gani yana bi ta gefen kunnensa.

Washegari da hantsi Inna ta ba ni kunu in kai masa. Na ɗaga labule, sai na ga abin da muka rufe jiya ya fito fili. Iya zaune da mayafinta, kan Baffa a cinyarta, hannunsa ya saki har ƙasa. Na tsaya a bakin ƙofa, kwanon na ƙona mini hannu ban sani ba. Ta ɗago ta ce, "Ajiye kunun, Jummai, ki kira babanki." Ita ta hana a je kasuwa sayen yadi, ta ce a sa masa nata. Bayan an dawo daga maƙabarta na ji Baba yana tambayar wanda ya gutsure gefen likkafanin, sai da suka ninka wurin kafin ya rufe ƙafa.

Yanzu an rushe ɗakin an yi na siminti, rumbun ma babu shi. 'Ya'yana suna kwana da waya a ƙarƙashin matashi, cike da fuskokin da ba su ƙirguwa, ba wanda gabansa ke faɗuwa. Ban ce su ne da laifi ba, ban kuma ce Iya ce da kuskure ba. Na dai san ban ƙara ganin wanda ya ji tsoro saboda wani kamar yadda ta ji ba. Littafin yana wurina, mutanensa duk a yanke, in ban da biyun nan. Ƙaron ya bushe, gefen ƙyallen ya fara ɗagowa da kansa, kuma autata ta sha roƙona in bar ta ta leƙa. Nakan sa yatsa in danne shi. Mafi yawan wannan yadin yana ƙasa tare da Baffa, ba ni zan yaye sauran ba.