Arbitir Yana Cikin Akwati

Jama'a, yau an kore ni daga fili, ni arbitir, alƙalin wasa, da na tsufa ina hura usur a makarantar mishan!

Na shiga shagon wasannin tele a Dogon Dutsi neman ɗana Isuhu. Na iske shi yana latsa na'urar gem, a wasan ƙarshe na ƙwallon Amirka. A gabana anka finciko ɗan wasansa ta hular kwano. Ba usur!

Na ce, "Doka ta yarda da wannan?"

Ya ce, "Laifi ne, Baba, amma na'urar ba ta hurawa."

"Ina arbitir?"

"Yana cikin akwatin."

Nan take na zare wayar lantarki, na ce a sake daga farko. Isuhu ya dafe kai. Ashe shi ke gaba!

Mai shago ya rusuna cikin ladabi ya ce, "Baba, ga ƙofa."

Hukuncin da anka yanke yau ke nan kaɗai!