Gwaggwaron Uwar Amarya

A layinmu na Jos Jarawa, duk matar da aka gani ta fito biki da gwaggwaro tsaye ƙyam a kanta, ba sai an tambaya ba, daga ɗakin Iya ta fito. Iya Bayarabiya ce, aure ya kawo ta Jos, katanga ɗaya ta raba gidanta da namu. Ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma duk layin, Musulmi da Kirista, Iya muke ce mata. Sana'arta sayar da atamfa da ashoke, saƙin nan na Yarabawa, ɗaurin kuwa kyauta take yi wa kowa. Sai dai in ta kama kan mace, sai macen ta ga taurari da rana tsaka. Kullum in na tashi daga gabanta nakan ce a raina, baiwar Allah nan ta iya ɗauri, amma hannunta ba tausayi.

Wata damina, tana saukowa daga keke a Tina Junction, santsi ya kwashe ta. Ta dafa ƙasa da hannun dama, tsintsiyar hannun ta karye. Aka kai ta wurin mai ɗori a Gangare, aka dawo da ita hannu rataye a wuya. Ga bikin autarta ya matso, dangi daga Kudu sun ce mota guda za su cika.

Na shiga duba ta, na tarar tana hawaye. Na ɗauka zafin karaya ne, ashe ba shi ba ne.

"Ni da yake ɗaura ma duk gari," in ji ta, "zan je shago ƙaramin yarinya ya taɓa kaina? Mutanen gida za su yi dariya na har su mutu." Hausar Iya ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. Ta nuna ni da hannun hagu. "Kai za ka ɗaura min."

Na amsa tun kafin ta rufe baki. Abin da na shekara da shekaru ina kallo? Ni dama Allah ya yi ni da saurin cewa na gane.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Washegari ta zauna a kujerar tsakar gida, ta miƙo mini wani ashoke mai tauri, tana ba ni umarni da baki. Na naɗa, na jera ninkin gaba ɗaya bayan ɗaya yadda na saba gani, na soke a ƙeya. Ta ce, "Ja shi." Na ce na gane, na ɗan ja. Ta miƙe tsaye, ta yi taku biyu, gwaggwaro ya sulmiyo ya rufe mata ido. Jikokinta suka yi ta dariya har da faɗuwa.

Na koma gida raina a ɓace. Na nemi maigidana ya ara mini kansa in yi gwaji, ya ce in rufa masa asiri, yana da mutunci a unguwa. Sai na kife turmi, na ɗaura masa. Abin mamaki, a kan turmi ɗauri ya tsaya cak, ninki ya jeru, har 'yata ta ɗauke shi hoto. Na koma wurin Iya da ƙarfin gwiwa, ya sake zubewa. Haka muka yi ta yi. Turmi ya sha ado kullum, Iya kuwa ko ƙofar ɗaki ba ta kaiwa da nata. Na kalli masu koyarwa a waya har idona ya yi ja. Na haddace komai, da a ce jarrabawar baki za a yi, da na ci. Har na fara zargin kan Iya ne ba daidai yake ba.

Kullum maganarta ɗaya ce, "Ja shi," ni kuma amsata ɗaya, "Na gane, Iya." Ba ƙarya nake yi ba, na ji kalmar, na san ma'anarta. Amma kalmar ta tsaya mini ne a zaure, ba ta shigo cikin gida ba. A raina na riga na yanke cewa ja aikin ƙarshe ne, ɗan gyara, ninkin gaba shi ne ɗaurin. Har wani buri nake da shi a ɓoye: in nuna wa layin nan ana iya ɗauri mai kyau ba tare da an azabtar da mutane ba.

Ana saura kwana kaɗan biki, Iya ta daina faɗa, ta koma kallon ƙasa kawai. Wannan ya fi faɗan ci mini rai. Na ji tsoro sosai, don na ga zan kunyata matar da ba ta taɓa barin ɗayarmu ta fita a kunyace ba.

Ran nan ƙanwata ta zo mini wuni da ɗanta na fari. Ina tuƙa tuwo, na waiga na ga yaron da ta goya ya zazzago har ƙugunta, kansa na lilo.

"Ke, ja zanen nan!"

"Yaya, kar in matse shi. Tausayi yake ba ni."

"Tausayin naki ne zai kayar da shi ƙasa. Ja!"

Ina rufe baki na tsaya da muciya a hannu. Maganar daga bakina ta fito, amma kamar wata ce ta faɗa mini ita. Turmi ba na jin kunyarsa, shi ya sa nake finciko zane iya ƙarfina. Kan Iya kuwa kan babba ne, tarbiyyar da aka yi mini ba ta yarda in shaƙe shi ba, sai in riƙa lallaɓa shi kamar ƙwai. Zafin nan da na shekara ina ɗauka muguntar hannunta ce, ashe shi ne ɗaurin. Ninkin gaba ado ne kawai, a kan jan farko yake zaune. Babu sabon abin da aka gaya mini ranar, duk na san su ɗai-ɗai, haɗuwa ce ba su yi ba sai a gaban tukunya.

Na bar wa ƙanwata tuwon, na zari mayafi, sai gidan Iya.

"Iya, ki yafe mini abin da zan yi miki."

Na dafe goshinta, na zagayo da ashoke, na yi bisimilla, na ja. Ta saki wata kalma da Yarabanci wadda har yau ban nemi fassararta ba. Daga nan ninki ya riƙa kwanciya da kansa, hannuna na tafiya ba tare da na tuna masu koyarwa a waya ba. Ta miƙe, ta girgiza kai hagu da dama, ta sunkuya, ta ɗago. Ko motsi bai yi ba.

Ranar biki na ɗaura mata wani ashoke ruwan zinare. Yayarta da ta zo daga Kudu ta zagaya ta, ta sa yatsa a ƙeya tana neman inda zai shiga, ba ta samu ba, ta taɓe baki ta koma ta zauna. Makaɗa suka saki ganga, Iya ta shiga fili da hannu a rataye, tana rawar nan tasu ta duƙawa har ƙasa. Duk duƙawa ɗaya sai in kai ido kanta. Gwaggwaro na nan daram.

Can ta fito tana haki, gumi sharkaf duk da sanyin Jos, ta zauna kusa da ni.

"Kaina yana ciwo," ta raɗa mini, "kamar zai fashe."

Tausayi ya sake kama ni. Na kai hannu ƙeyarta. "In ɗan sassauta miki, Iya?"

Ta make hannuna da na hagunta, tana dariya har da ƙwalla.

"Ka taɓa ka gani!"

Ta miƙe ta koma fili.