Irin Gyaɗar da Iya ta Hana Ni

Iya ta ba Hanne irin gyaɗa, ni ta hana ni. Na tsufa, su biyun duk suna ƙasa, amma abin bai bar raina ba.

Iya kakarmu ce, Hanne kuwa 'yar baffana, sa'ata. Zamanin Nasara ne, shekarun da gyaɗa ta yi tashe. Raƙuma na kai buhuna Magarya, manyan motoci na kwashewa, kowa a garinmu Kwaya ya rage gero ya ƙara gyaɗa. Sai da na yi jika na shiga karatun manya. A can mushenmu, wato malaminmu, wanda ya taɓa zama Kano, ya ce Turawan Ingila na kiran irin wannan tashin kasuwa "bum". Asalin kalmar, in ji shi, kwaikwayon ƙarar igwa ne, abu ya tashi farat ɗaya kowa ya ji. Na ce, "Mushe, ni ƙarar kawai na ji. Hanne ce ta ci."

Da kaka, bayan magariba, mukan kewaye wuta muna tsinke gyaɗa daga harawa, muna ware manya na iri, Iya na tatsuniya. Dokarta ɗaya: ba a cin iri. Wadda ta kame bakinta har aka gama, ita ke da mudu guda da 'yar gayauna ta kanta. Na fi kowa saurin hannu, sai dai in na ware uku, ɗaya ta bi maƙogwaro.

Ranar rabo Iya ta ce, "Ku matso, ga wata ta iso." Wai sarkin daji ya raba wa dabbobi iri. Kowa ya toshe nasa a tulu, kurege ya ce shi a kumatu zai ajiye saboda ɓarayi. Da ruwa ya sauka ya buɗe baki, sai ɓawo.

"Iya, da ni kike?"

"Ke uwar baki, na kira sunanki? Zo ki hura mini numfashi."

Aka kwashe da dariya. Hanne ta rungume mudunta, ko kallona ba ta yi ba. Da wannan mudun ta fara, ta yi zannuwa, ta yi kwanoni, ina gani.

Yau na yarda, wanda ke da iri a hannu shi tashin kasuwa ke ɗauka. Iya ba ta yi ƙarya ba. Amma ta san wadda ta cika mata kwando.

Washegarin ranar rabon, da gari ya waye ban gaida kowa ba. Na ɗauki ƙwarya da guntuwar fartanya, na nufi gonakin da aka riga aka cire gyaɗa, na durƙusa ina roro. Duk ƙwayar da na tono sai in dube ta, in haɗiye yawu, in jefa a ƙwarya.