Kaset ɗin Hozumi Mai Aski

Shekara arba'in da ɗaya Hozumi ya yi yana aski a shago guda, a wani ɗan gari da ke bakin teku a Niigata ta ƙasar Japan, kuma duk wanda ya taɓa zama kujerarsa ya san ba a samun sa ranar Lahadi. Sauran masu aski Litinin suke hutu. Shi kuwa Lahadi, ranar da kowa ke neman gyaran kai, ita ce ranar da tsohon jirgin ƙasa mai cin kwal yake hawa duwatsu. Sai ya bar wa matarsa Chizuru almakashi, ya loda tsani da kyamara da ƙafa-ukun da ake ɗora ta a kai cikin 'yar motarsa, ya kama hanya tun gari bai gama wayewa ba.

Gaskiya hotunansa ba wasu na a zo a gani ba ne. Baiwarsa ita ce neman wuri. Yakan bi hanyoyin gonaki da ba su cikin taswira, ya tsaya ya dubi layin dogo, ya ce nan akwai hawa, dole injin ya yi aman hayaƙi, kuma ƙarfe goma rana za ta faɗo masa a goshi. Ba ya taka gonar kowa sai ya nemi izini, da 'yar tsarabar biskit a hannu. Wurare da yawa da ake turereniya a kansu yau, shi ya fara tsayawa a cikinsu shi kaɗai da sauro.

Masu wannan sha'awa mutane ne masu doka kamar barikin soja, ga su da saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Idan ka tarar da ƙafa-uku a kafe, wurin yana da mai shi, ko da ba a ga ƙeyarsa ba tun jiya. Ba ka taɓawa, ba ka matsarwa, ba ka ma tambaya. Sannan da zarar an ji usur ɗin jirgi daga nesa, kowa ya haɗiye tarinsa, saboda akwai masu naɗar sauti. Hozumi ya fi kowa riƙo da waɗannan, har da tsawata wa na baya.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce, da kaka, ya isa Kwanar Usugaya ƙarfe bakwai na safe. Wurin da shi ya gano ne, gefen titi a saman wani kwazazzabo, inda jirgi ke fitowa daga cikin dutse ya hau gada. Sai ya tarar an riga shi. Wata ƙafa-uku ce mai jan salatif a ƙafa ɗaya, an ɗaure ta da igiya a jikin ƙarfen titi, daidai inda ya fi ko'ina kyau. Mutum tara suka taru a ranar, suka jera a gefenta suna zagin mai ita.

"Yana can cikin mota yana sharar barci," in ji wani mai ƙaton ciki. "Sai an ji usur ya taho yana miƙa, kamar gadar ta ubansa ce."

Aka yi dariya, aka ci dunƙulen shinkafa, aka sha shayi. Sha ɗaya saura kwata usur ya tashi can bayan dutse, kowa ya yi tsit. Hozumi ya kunna kyamarar bidiyonsa. A cikin shirun nan ne wata murya ta taso, ƙasa-ƙasa, muryar namiji mai ladabi: "Gafara dai... gafara dai..." Ko waiwayawa bai yi ba. Ya ɗauka wani ne ya makara yana neman a matsa masa.

"Shiru mana! Jirgi na zuwa!"

Muryar ta yi shiru. Jirgi ya fito da hayaƙinsa baƙi ƙirin, ya hau gada, ya wuce. Nan take kowa ya naɗe tsani ya ruga mota, don a riga jirgin isa gada ta gaba. Cikin minti biyu babu kowa a kwanar sai ƙafa-uku mai jan salatif.

Ranar Laraba ya gani a jarida. Nirasawa Kikuo, ma'aikacin gidan waya, ya zo kama wuri tun yammacin Asabar, ya zame a kan jiƙaƙƙen ganye ya gangara kwazazzabon, ya karye a ƙugu. Wata mai tsintar naman kaza ce ta ga gawarsa ranar Talata. Likita ya ce da ransa har Litinin. Hozumi ya rufe shago ya kunna kaset ɗin, ya ji muryar, ya ji tasa. Sauran takwas ɗin duk sun ce ba su ji komai ba, wataƙila kuma gaskiya suka faɗa. Ya cusa kaset ɗin a ƙasan durowar tawul, bai kai wa 'yan sanda ba, bai kai wa matar mamacin ba. Tsoro ne da kunya, babu wani suna da za a ba shi.

Bai daina fita ba, amma fitar ta canza. Kwanar Usugaya dai bai sake taka ta ba. Ya shiga neman sababbin wurare, can nesa, inda ya tabbata ƙafar kowa ba ta taɓa zuwa ba. Sai ya yi awa uku yana tuƙi, ya ratsa dajin gora, ya hau tudu yana haki, ya tarar da ƙafa-ukun nan a kafe tana jiran sa, da jan salatif ɗinta, babu kyamara a kai, babu sawun mota, babu sawun mutum. Ba kullum ba. Sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma da kaka. Yakan leƙa gangare ya ɗaga murya, "Da mutum a nan?" Ba a taɓa amsa masa ba. Tun daga nan duk ƙafa-ukun da ya gani babu mai ita sai ya leƙa ƙasa ya yi kira, har matasa suka riƙa taɓa juna idan ya iso, suna cewa ga tsohon nan mai kiran biri. A shago kuwa rediyo ba ya mutuwa, domin idan almakashi ya tsaya aka yi shiru, sai ya ga kamar wani zai ce gafara dai.

Bana aka ce injin ya tsufa, wannan kakar ce ta ƙarshe. Ya san matar Nirasawa, Fusae, tana zuwa kwanar duk shekara a ranar, da fure da gwangwanin kofi. Idan jirgi ya daina wucewa, ita ma ta daina zuwa, shi ke nan ya mutu da kaset ɗinsa. Daren jajibirin ranar bai ce wa kowa komai ba, amma da safe da ya fito, sai ya tarar da Chizuru a kujerar gaba, da kwandon abinci a cinya, da kaset ɗin a kan kwandon.

"A ina kika..."

"Wa ke ninke tawul a gidan nan, Baban Yoriko? Kai?" ta ce. "Shekara sha huɗu ina ɗaga shi ina goge ƙura ina mayarwa. Tuƙa, kafin in tsufa a nan."

"To shagon fa?"

"Na rufe. Gashin mutanen garin nan ba zai kai ƙasa kafin gobe ba. Rabinsu ma sanƙo ne."

Suka bar teku a baya suka shiga duwatsu. An gama girbi, gonakin shinkafa sun zama tushiya, hazo yana kwance a kan kogi. Duk inda suka gifta layin dogo idonsa yana aunawa, halin shekara da shekaru ba ya barin mutum. Chizuru tana ɓare lemo tana miƙa masa, tana yi masa tsiya a kan tuƙinsa.

"Motar kayan lambu ta wuce mu. Tsohuwa ce ma a ciki."

"Hanyar da santsi."

"Hanyar a bushe take. Kai ne dai kake so mu isa an watse."

Bayan sun wuce wani ƙauye mai gida shida, a wani fili da babu ko bukka, Hozumi ya hango ƙafa-ukun nan a kan kunyar gona tana fuskantar dogo. Ƙafarsa ta sauka daga totur. Ya daɗe yana gaya wa kansa cewa idonsa ne, tsufa ne, kuma jan salatif ba na mutum ɗaya ba ne a ƙasar nan. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga Chizuru ta daina ɓare lemon.

"Na gani," ta ce, ba ta dube shi ba. "Kada ka tsaya. Tuƙa."

Daga nan babu wanda ya sake yin tsiya.

Kwanar cike take, mutum ya fi talatin, tsani a bayan tsani. Amma a tsakiyar layin, daidai wurin da ya fi kyau, an bar gurbin mutum ɗaya. Yawancinsu matasa ne da ba su san dalili ba, sun dai tarar ana bari. A gurbin wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai koren hula ta durƙusa tana ɗaure fure a jikin ƙarfen titi. Hozumi ya tsaya a bayanta har ta gama, sannan ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba.

"Nirasawa-san, sunana Hozumi. Ina nan ranar. Ina tsaye dab da ƙafa-ukun maigidanki."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Shekara sha huɗu ina zuwa, ba wanda ya taɓa cewa yana nan ranar. Har na fara zaton jirgin shi kaɗai ya wuce."

"Akwai abin da ya kamata ki ji. Yana mota."

Suka gangara inda ya ajiye motar. Chizuru ta fita ta ba ta kujera, ta koma gefe ta tsaya ta juya musu baya. Yana cikin sa kaset a tsohuwar kyamarar sai ya tambayi Fusae, don dai ya ja lokaci, ko ƙafa-ukun tana ina yanzu.

"'Yan sanda sun maido mini. Tana ɗaki, kusa da hotonsa, ban taɓa fita da ita ba." Ta gyara hularta. "Sai dai duk kaka nakan wanke mata ƙafafu. Laka nake samu. Na ce ko ni ce ba na wankewa da kyau."

Hozumi ya kai yatsa kan maɓallin kyamarar. Ya danna.

A ɗan allon aka ga gada da jajayen ganye. Usur daga nesa. Iska. Sannan muryar, sau biyu. Fusae ta kai hannu baki. Sannan tasa muryar, da ƙarfi, da isa, ta cika 'yar motar. Shiru ya biyo baya, shiru mai tsawo, kafin injin ya fito.

"Ni ne wannan," ya ce. "Ni na ce masa ya yi shiru. Da na waiwaya, da na leƙa, da yanzu..."

"Kuma ya yi shirun."

"Ya yi."

"Da ƙugu a karye." Ta girgiza kai, hawaye na bin kuncinta, ga kuma wata 'yar dariya da ta ƙi ɓoyuwa. "Sakarai. A gida ma haka yake. In jirgi ya fito a talabijin, ko cokali na ajiye da ƙarfi sai ya harare ni. Ya ji usur ɗin, ya san kuna naɗa. Ba zai ɓata muku ba."

A daidai lokacin usur na gaske ya tashi a bayan dutse. Can sama mutum talatin suka yi tsit. Jirgin ƙarshe ya fito, ƙasa na girgiza, hayaƙi ya rufe rana, Hozumi bai ko ɗaga kai ba. Fusae ta ce ya mayar baya. Ya mayar. Ta sa kunne a jikin kyamarar ta saurara, ta ce ya sake. Sau biyar ana sakewa, kuma kowane karo sai muryar Hozumi ta faɗo a kai.

"Zan kai a kwafe miki," ya ce da ƙyar. "Akwai masu iya yankewa. Za su cire tawa, su bar miki tasa kawai."

Ta ciro kaset ɗin da kanta, ta naɗe shi a hankici, ta sa a jaka ta ja zif. Ta buɗe ƙofa, ta sauke ƙafa ɗaya, sannan ta juyo ta dube shi, babu fushi a fuskarta, babu kuma yafiya.

"A'a, bar ta yadda take, Hozumi-san. Kwana biyu ya yi a can ƙasa yana kira. Kai kaɗai ka amsa masa."