Abin da Na Ƙara a Littafin Banasare

Baffana, ƙanin mahaifina, shekara goma sha ɗaya ya yi a tafiyar Makka. Ta Barno ya bi da ƙafarsa, ya dawo mana Gafasa da furfura da tari, ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Shekara huɗu daga ciki a Masar ya yi su, a wurin wani Banasare mai ɗinkin littattafai, yana yanka masa fatar bango. Da zai taho, mutumin ya ba shi littafi guda. Baffa ya yi masa gafaka tasa dabam, ba ya haɗa shi da sauran littattafansa.

Ni a lokacin na haura talatin, da iyalina. Da damina ina gona, da rani ina kwafa wa mutane littattafai, ana yabon hannuna har Gaya. Ana ce mini malam, ina kuwa jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

Da idon Baffa ya ƙi, sai ya ce in riƙa zuwa zaurensa da hantsi ina karanta masa littafin nan. Larabci ne, amma bugun gabas, ɗigonsu ba irin namu ba, har na yi kwana biyu ina karanta fa'unsu a matsayin ƙaf, Baffa yana dariya. Wani malamin Nasara ne ya wallafa shi. Ya tattara maganganun annabawan Bani Isra'ila waɗanda su Nasara suke cewa da Almasihu ake. A ƙarƙashin kowacce sai ya kawo abin da malaman Yahudu suka ce, sannan abin da magabatan Nasara na farko suka rubuta, waɗanda suka riski almajiran Hawariyawa. Yakan ce a kwafin Ibraniyanci kalmar kaza ce, a na Yunananci kaza ce. Wani wurin sai ya ce shi bai san wadda ta fi inganci ba.

Wannan tsari nasa shi ya dame ni. Na zaci zan tarar da shirme, sai na tarar da mutum mai natsuwa yana faɗin abin da ban yarda da shi ba. Da muka kai inda yake bayanin wani bawan Allah da aka ce zai sha wuya saboda laifin waɗansu, yana ɗora maganar a kan Annabi Isa, alaihissalam, sai na tsallake layi huɗu.

Washegari na ƙara ƙarfin hali. Na kai ƙarshen babi, ban sauya murya ba, na ci gaba da Larabcina kamar daga takarda nake ɗebowa: wai mawallafin ya ce wannan hujja tasu mai rauni ce. Baffa ya gyara zama a kan buzunsa ya ce, "To." Daga nan abin ya zame mini jiki. Kusan wata guda ina yi. Har na kai ga sa wa mutumin a baki cewa shi kansa yana shakkar an kashe Almasihu. Ina gaya wa kaina ai kare Baffa nake yi, tsoho ne, kada wani abu ya shige masa zuciya a ƙarshen rayuwa. Gaskiyar ita ce ni ne ba ni da amsar da zan ba littafin, kuma ba na so a gane.

Wata ranar kasuwar Gaya na ɗora Baffa a jaki muka je gaida malamina, dattijon da na yi karatun fiƙihu a gabansa. Zaure cike da mutane. Hira ta gangaro kan saukowar Annabi Isa a ƙarshen zamani. Ba wanda ya tambaye ni, na tsoma baki na ce ai ko malaman Nasara sun sallama cewa ba a kashe shi ba, akwai littafinsu a gidanmu, mawallafinsa ya faɗa da bakinsa. Aka yi ta kabbara. Na ji kaina ya yi girma.

Malam bai yi kabbarar ba. Ya juya wajen Baffa ya ce, "Alhaji, haka ne?"

Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, ni idona ya tafi. Haka dai aka karanta mini."

Malam ya dube ni ya ce, "To, kasuwa mai zuwa ka taho da shi. Irin wannan magana sai an ga shafi."

A hanyar komawa ina riƙe da igiyar jaki, ina ta lissafin ƙaryar da zan yi: ko in ce gara ta ci wurin, ko in ce ruwa ya taɓa shi. Mun wuce gonakin Balan, sai Baffa ya ce in tsaya a gindin wata tsamiya ya huta. Yana daga kan jakin ya fara karatu da ka. Layukan nan huɗu da na fara tsallakewa su ya kawo, ba harafin da ya faɗi.

Na saki igiyar jakin.

Ya ce, "Ɗana, sau biyu mai ɗinkin littattafan nan ya karanta mini littafin nan daga fari har ƙarshe, muna aiki muna gardama. Ban bi shi ba, shi ma bai bi ni ba. Ba don in canza addini nake son ji ba, muryarsa nake tunawa. Amma ka lura da wanda ya rubuta shi? Yahudawa abokan gardamarsa ne, ko sau ɗaya bai ɗora musu maganar da ba su faɗa ba. Kai kuwa ka yi wa mutum ƙarya a inda ba ya nan."

Na ce, "Baffa, me ya hana ka tsayar da ni?"

"Cewa na yi za ka gaji ka bari. Sai ga shi ka kai ta kasuwa."

Ranar kasuwa na tafi ni kaɗai da gafakar. Na so in sami Malam shi ɗaya, na tarar da mutum biyar, uku daga cikinsu sun ji alfaharina. Na durƙusa na faɗi abin da na yi. Malam ya miƙa hannu ya ɗauko wani littafin rabon gado da na kwafa masa bara. Ya ce, "Wannan fa? Shi ma da gyaranka a ciki?"

Na rantse ban taɓa ba. Ya ce ya yarda, amma duk da haka ya ba wani ya gwada shi da asali, shafi bayan shafi. Ba a sami komai ba, sai dai labari ya riga ya fita. Ranin nan mutum biyu kaɗai suka kawo mini aiki, matata tana tambaya me ya faru, na kasa gaya mata sai bayan shekara.

Muka sake karanta littafin Banasaren daga farko, ni da Baffa. Inda ban yarda ba sai in ajiye shi in ce, "Wannan tawa ce," in faɗi abin da nake gani, shi ma ya faɗi tasa. Ba mu kai rabi ba ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu ana yankan gero. A wasiyyarsa ya bar mini buzunsa da tawadarsa da littattafai shida. Na Banasaren kuwa ya ce a kai wa Malam. Ni na kai shi da hannuna.